Zauren Tambaya da Amsa: Ɗan kwana-kwana zai iya samun aiki a ƙasar waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin hukumar kashe gobara ne a Birnin Kebbi, na daɗe ina aiki. Wani dillali ya ce in kawo kuɗi zai samo mini aikin kwana-kwana a ƙasar Larabawa. Akwai irin wannan aiki da gaske? Me ake buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin akwai shi, amma sai an san ƙofar da ake bi. Hukumomin kashe gobara na birane a Amurka da Ingila galibi suna ɗaukar wanda ya riga ya mallaki izinin aiki a ƙasar ne, don haka cire su daga lissafi. Inda baƙo ke samun gurbi shi ne matatun mai, masana'antun gas, filayen jiragen sama da jiragen ruwa, musamman a Saudiyya, Katar da Daular Larabawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana neman jami'an kariya daga gobara, a shafinta na intanet take tallata guraben, kuma ba ta karɓar ko kwabo.

Abin da ke kayar da 'yan'uwanmu shi ne takarda. Kamfanin waje bai san horon da aka yi maka a gida ba, shaidar da ya saba da ita yake nema. Wadda aka fi tambaya ita ce NFPA 1001, wato shaidar ƙwarewar ɗan kwana-kwana bisa ma'aunin ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka (NFPA), mataki na 1 da na 2, ɗauke da hatimin IFSAC ko Pro Board, hukumomin da ke tantance masu ba da irin wannan shaida. Hatimin ne ke ba ta daraja, domin yana da lambar da mai ɗaukar aiki zai bincika. Cibiyoyi da dama na ba da satifiket mai sunan NFPA ba tare da hatimin ba, kuma a wajen tantancewa ake ajiye irinsa gefe. Tambayi wannan kafin ka biya kuɗin kwas. Mai son filin jirgi zai ƙara NFPA 1003, shaidar kashe gobara a filin jirgin sama, ya kuma san ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, cewa motar kashe gobara ta isa kowane wuri a titin saukar jirgi cikin abin da bai wuce minti 3 ba. Aikin rijiyar mai a teku yana buƙatar BOSIET, shaidar horon kare kai da matakan gaggawa a teku, wadda ke aiki shekara 4, jirgin ruwa kuwa STCW, shaidar horon ma'aikatan jirgin ruwa. Ga kuma lasisin tuƙin babbar mota da Turancin da za ka iya magana da shi a rediyon oba-oba cikin gaggawa.

Gwajin na'urar numfashi shi ne mai wuya ga wanda tasharsa ba ta da isassun kayan nan. Tukunyar iska mai lita 6.8 da aka cika zuwa bar 300 (ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da iska kusan lita 1,800. A lissafin lita 40 a minti za ta kai wajen minti 45, amma mai jan tiyo cikin zafi da fargaba yana iya shanye ta cikin rabin haka. Ana so ka iya karanta agogon tukunya ka juyo kafin usur ɗin gargaɗi ya busa. Batun gemu ma gara ka ji shi tun daga gida: gashi a inda robar takunkumi ke manne da fuska yana barin hayaƙi ya shiga, shi ya sa yawancin kamfanoni ke sharɗanta aske wurin. Yi shawara da malaminka kafin ka sa hannu.

Game da dillali, nemi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da kwantiragi a rubuce mai sunan kamfani, albashi, masauki, inshora da tikitin dawowa, sannan ka tuntuɓi kamfanin da kanka. Bizar ziyara ko ta Umara ba ta halatta aiki. Duk wanda ya ce ka shiga da ita za a gyara daga baya, kai ƙararsa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Kafin ka kashe kuɗi, yi hoton ƙirji da gwajin ciwon hanta nau'in B da C a nan gida, domin a kansu ake hana mutane da yawa biza.

Kada kuma ka tafi a ɓoye. Rubuta neman hutu ba albashi ta hannun shugaban tasharka, ka jira amincewa a rubuce. Wanda ya ɓace daga aiki korarsa ake yi, shekarun da ya tara na fansho su shiga haɗari.