Tambayi Likita: Allurar barci da tansiyon Baba

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, daga unguwar Bagalam nake rubuto maka. Babanmu shekararshi 68, yana da hawan jini yana shan captopril, za a yi mishi aikin gwaiwa. Ran farko da aka gwada tansiyo (awon hawan jini) aka samu 19/11, wato 190/110, sai suka ce mu koma gida, yanzu ya sauka sun sa rana amma wai kar ya sha captopril ɗin da safen aikin. Maƙwabciyarmu kuma ta ce allurar barci tana kada jinin tsofaffi ƙasa. Dan Allah ya abin yake, hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, amma rabin zancen ta sani. Abin da muke cewa allurar barci ba magani ɗaya ba ne, haɗi ne, kuma mai anastezi, wato mai ba da allurar barcin, yana haɗa shi ne daidai da jikin wanda ke kwance gabanshi.

Akwai propofol, wani fari kamar madara, yana sa barci cikin ƙasa da minti ɗaya amma yana saki jijiyoyin jini sai tansiyo ya sauka, in an haɗa shi da fentanyl mai kashe zafi saukar takan ƙaru, balle ga tsoho ko wanda jikinshi ba ruwa. Ketamin kuma akasin haka yake, yana ɗaga tansiyo da bugun zuciya, shi ya sa ake son shi ga wanda ya zubar da jini da yawa, amma ga mai hawan jini irin Baba ba a cika ba da shi shi kaɗai ba. Wani sa'in a haɗa su biyun kaɗan kaɗan, wannan na ja ƙasa wancan na ja sama, jinin ya zauna tsakiya. Aikin gwaiwa ma sau da yawa allurar baya ake yi da bupivacaine, mutum idonshi biyu, daga cibiya zuwa ƙafa ne ya mutu, ita ma tana sauke tansiyo shi ya sa za ki ga an ɗaura mishi ƙarin ruwa kuma ephedrine, maganin ɗaga tansiyo, na kusa cikin sirinji.

To nan captopril ya shigo. Shi ma aikinshi buɗe jijiyoyi ne, in ya haɗu da waɗancan tansiyon yakan faɗi ya yi wuyar tasowa, kuma in ya daɗe ƙasa ƙoda da zuciya ke shan wahala. Don haka ku bi maganarsu. Amma kar ku ce tunda haka ne bari ya bar duk magunguna, a'a, wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da amlodipine galibi ana ci gaba da sha har ranar, ku tambaya ɗaya bayan ɗaya. Mayar da ku gida da suka yi a 19/11 daidai ne, aikin da ba na gaggawa ba ana ɗaga shi in ya wuce 18/11. Cikin ɗakin aiki kuma aƙalla duk minti 5 ake gwadawa.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne ɓoye-ɓoye. Mutum na shan jiƙo ko sassaƙe, ko tramol don ƙarfin aikin gona, ko ƙwayoyin da ya saya a tebur cikin kasuwa, a tambaye shi ya ce ba komai saboda kunya, alhali da amsar nan ake auna yawan maganin da za a sa mishi. Ki tattara duk abin da Baba ke sha cikin leda, har da kwalayen, ki ajiye gaban mai anastezi ranar ganawa. In an taɓa mishi aiki ya sha wuyar farkawa, ko yana da ciwon suga ko asma, ki faɗa. Abinci kuma ya tsaya aƙalla awa 6 kafin aiki, ko fura ce kar a ba shi don tausayi.