Warin ƙuna a tsohuwar Corolla idan an tsaya a cunkoso

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Corolla ce ta 2005 mai giyar hannu, warin kuma ba ya tasowa sai ka baro Kasoa ka maƙale a cunkoson Kaneshie a Accra, ko ka isa Nima ka kashe inji, alhali gejin zafi yana tsakiya. A kan wannan bayani, na fi zargin man inji ne ke ɗiga a kan wuyan salansa.

Gaskit ɗin murfin saman inji roba ne. In ya daɗe yana shan zafi sai ya bushe ya yi tauri, mai ya fara tsatsafowa. In injinka 1ZZ ne mai lita 1.8, wuyan salansarsa a baya yake, jikin bangon da ya raba inji da mazaunin direba, inda ido ba ya kaiwa da sauƙi. Man yana sauka a kan ƙarfe mai zafi, ya ƙone tun bai kai ƙasa ba, shi ya sa ba ka ganin tabo a inda motar ke kwana. Kana gudu iska na kore hayaƙin ta ƙasa. Da ka tsaya sai ya taso, ya shigo ta ramukan iskar da ke gindin gilashin gaba.

Da safe, inji na da sanyi, ka haska tocila ka shafa yatsa a gefen murfin ta baya. Ka cire koyil guda ka leƙa ramin fulogi. In akwai mai a ciki, magana ta ƙare. In wurin ya yi dama-dama da tsohon mai da ƙura, a wanke shi, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan ka nemi wuri mafi tudu da ya jiƙe, don mai ƙasa yake gangarowa. A wannan injin, robar abin da ke ɗaure sarƙar tayimin, can baya ta ɓangaren bel, ita ma takan yi yoyo, kuma sau da yawa gaskit ake ɗora wa laifinta. In ka je kasuwar kayan mota ta Abossey Okai sayen gaskit, kada arha ta ja ka. Ka kuma hana bakanike shafe murfin da silikon: ɗigo biyu kawai ake sawa, a mahaɗar murfin tayimin da kan inji. Ƙusoshin ba sa son ɗauri fiye da wajen Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. In aka matse da ƙarfin tsiya, sabon gaskit ɗin ma zai zubar.

Amma kafin ka kashe ko sidi ɗaya, durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Ledar fiya wata ko baƙar leda takan manne a salansa ta narke, ta yi kwanaki tana wari. Salansa ta huce, a kankare, shi ke nan.

Burki warinsa kaifi gare shi, kuma daga taya yake fitowa. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi, burkinsa ne ba ya sakewa. A gangaren Aburi kuwa, wanda ya kwanta a kan burki maimakon ya sauko da giya ta biyu, dole ya ji wannan warin. Kuloci kusan haka yake wari, kuma riƙe rabin kuloci a cunkoso ne ke cinye shi. Ja burkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali: in inji ya mutu, lafiya lau; in ya ci gaba da aiki, farantin kuloci ya suɗe. Warin roba haɗe da ƙara kuwa bel ne ke zamewa.

Wanda ba a yi masa jinkiri shi ne warin wayar lantarki, irin na soket ɗin da ya ƙone. Ka ji shi, gangara gefe, kashe inji, cire kan batir mai alamar ragi. Yawanci daga wayarin ɗin da aka ƙara ne, na rediyo ko fitila, ko fiyus da aka naɗa masa waya. Inda aka rubuta 10, jan fiyus za a sa, 15 shuɗi, 20 rawaya. In aka sa wanda ya fi ƙarfi, wayar ce za ta narke a madadinsa. In har ka ga wuta a ƙarƙashin bonet, kada ka wangale shi. Ɗaga kaɗan, fesa abin kashe gobara ta kafar, ka kira 'yan kwana-kwana a 192.

Kafin a yi gyaran, riƙa duba sandar mai kowace safiya, kada ya sauka ƙasa da alamar ƙasa.