Amsa ga mai son karanta gadon kifin teku da garkuwar jikinsa a Norwe

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma abu biyu na ga kana son sani. Na farko, ko akwai hikima mutumin da ya yi digirin farko a fannin kiwon kifi, wanda garinsu ke nesa da teku, ya taso zuwa Norwe domin karanta ƙwayoyin gado da garkuwar jikin kifayen ruwan gishiri. Na biyu, ko gaskiya ne abin da aka gaya maka cewa karatu a nan kyauta ne. Zan fara da na biyun domin amsarsa gajera ce.

An daɗe ana karatu kyauta a jami'o'in gwamnatin Norwe, amma daga zangon kaka na shekarar 2023 an ɗora kuɗin makaranta a kan ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai da ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar tattalin arziki da ita, kuma mu muna cikin masu biya. Bayan wannan, hukumar shige da fice tana buƙatar shaidar cewa kana da abin da zai riƙe ka shekara guda, kuma izinin aikin ɗalibi bai wuce awa 20 a mako ba, wanda ba zai ɗauki nauyin haya da abinci da kuɗin makaranta gaba ɗaya ba. Digirin digirgir kuwa dabam yake, domin a nan aiki ne da ake tallatawa a fili, ana biyan albashi na shekara uku ko huɗu, kuma kowa na iya nema idan yana da digiri na biyu mai ɗauke da bincike na gaske. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka irin wannan gurbi, ka rabu da shi, domin babu ɗan tsakiya a cikin lamarin.

Tambayarka ta farko ita ce mai nauyi, kuma ba zan iya amsa ta ba sai na nuna maka abin da ake yi a fannin.

Kifin da ya fi kowane girgiza masana shi ne wanda ake kira kod, kuma ka san shi ko da ba ka taɓa ganinsa ɗanye ba, domin shi da danginsa ake shanyawa a iskar tsibiran Lofoten na arewacin Norwe har su bushe su yi tauri, a loda su zuwa Legas, su shiga kasuwanninmu da sunan okporoko. A shekarar 2011 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oslo ta wallafa cikakken kundin gadon wannan kifi a mujallar Nature, kuma abin da suka tarar ya saɓa wa abin da ake koyarwa a azuzuwa. A jikin mutum da tsuntsu da kusan duk dabba mai ƙashin baya da muƙamuƙi, akwai wani tsari da ake kira MHC na biyu. Aikinsa shi ne, idan wata ƙwayar jini ta haɗiye bakteriya ta farfasa ta, sai MHC na biyu ya ɗauko guntunta ya nuna wa wasu fararen ƙwayoyin jini masu ɗauke da alamar CD4, kamar yadda mai unguwa ke kai ɓarawo gaban hakimi a gane fuskarsa, su kuma su ba da umarnin a ƙera makamin da ya dace da wannan cuta ita kaɗai. An ɗauka babu irin wannan dabba da za ta rayu ba tare da wannan tsari ba. Sai ga shi kod ba shi da ƙwayoyin gadon MHC na biyu, ba shi da CD4 mai aiki, ba shi kuma da sinadarin da ke raka MHC na biyu zuwa inda yake ɗaukar kayansa. Duk da haka kifin yana nan miliyoyi a Tekun Barents, yana cin abinci, yana hayayyafa, yana gangarowa Lofoten zuba ƙwai tsakanin Janairu da Afrilu kowace shekara.

Abin da ya bayyana shi ne ya ninka wasu sassan garkuwar. Kwafin MHC na ɗaya, wani ɗan'uwan wancan tsari da shi ma ke nuna guntun cuta, ya kai kusan 100 a jikinsa, adadin da ya zarce na mutum nesa ba kusa ba, kuma wasu daga cikin masu gadin farko da ake kira TLR, waɗanda ke gane baƙon abu tun kafin a san ko wane ne, sun yawaita ƙwarai. A 2016 aka bi sawun lamarin a cikin nau'o'in kifi 66, aka ga cewa ba kod kaɗai ba ne, dukan danginsa haka suke, kuma an ƙiyasta cewa rashin ya faru kimanin shekara miliyan 105 da suka wuce. Ina so ka lura da abin da wannan ke nufi ga mai kiwo. Allurar rigakafi a yadda aka saba ƙera ta ta dogara ne da hanyar nan ta MHC na biyu, kuma tun kafin a karanta kundin gadon an lura cewa idan aka yi wa kod allura, ba ya samar da garkuwa takamaimiya da yawa kamar sauran kifaye, ko da yake wasu alluran suna ba shi kariya. A shekarun 2000 an zuba jari mai yawa a kiwon kod a Norwe, sai cututtuka irin su faransiselosis suka haɗu da faɗuwar farashi suka durƙusar da sana'ar. Yadda za a ƙera rigakafin da ya dace da irin wannan jiki tambaya ce da har yanzu take buɗe, kuma a ganina tana cikin mafi daraja a fannin baki ɗaya.

Kifin salmon shi ne inda kuɗi yake, kuma a can yawancin guraben bincike suke. Norwe tana samar da kimanin tan miliyan 1.5 a shekara, kuma tushen wannan arziki wani aiki ne na haƙuri da aka fara a 1971, lokacin da Trygve Gjedrem da abokan aikinsa suka tattaro iri daga koguna kusan 40, suka kafa iyalai a tashar bincike ta Sunndalsøra, suna auna girman 'ya'yan kowane iyali suna zaɓar iyayen zuriya ta gaba. Kowace zuriya tana cin shekara huɗu, kuma saurin girma yana ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin 100 a kowace zuriya. Babu na'urar karanta DNA a wancan zamani. Ma'auni ne da littafin rajista da lissafi.

Rigakafi ya biyo baya da nasa tarihin. A 1987 masu kiwon kifi a Norwe sun yi amfani da kusan tan 50 na magungunan kashe bakteriya, a lokacin da kifin da suke samarwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na yau ba. Da aka samu alluran rigakafin cututtukan bakteriya, musamman masu haɗe da mai da suka shigo a farkon shekarun 1990, sai amfani da maganin ya faɗi warwas, har ya zama a yawancin shekarun baya-bayan nan bai kai tan ɗaya ba. Idan ka shiga wurin ƙyanƙyasa ranar allura, za ka ga 'ya'yan kifi da ba su wuce tsawon tafin hannu ba ana tsoma su a ruwan maganin barci, suna bin wani faifai ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana juya kowanne ta soka masa ɗigon rigakafi a ciki, daga nan ya faɗa ruwa mai sanyi ya farfaɗo. Ba a kai su kejin teku nan take, domin jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, kuma garkuwarsa tana aiki a hankali idan ruwa ya yi sanyi. Saboda haka ba da kwanaki kaɗai ake ƙirga lokacin jira ba, ana ninka kwanakin ne da ma'aunin zafin ruwa. Kifi ba shi da ɓargo mai ƙera jini, ba shi kuma da kaluluwa irin tamu. Gaban ƙodarsa da saifarsa su ke ɗaukar wannan aiki, tare da yauƙin fatarsa da hanjinsa, inda wani nau'in garkuwa mai suna IgT, wanda aka gano a 2005, yake tsaro.

Misalin da na fi so ka riƙe shi ne na cutar IPN, wata bairos mai lalata sashen narkar da abinci, wadda ta riƙa kashe 'ya'yan salmon da yawa. Tsakanin 2008 da 2009 masana a Sikotlan da Norwe, kowane ɓangare da nasa binciken, suka wallafa cewa wuri ɗaya tak a kuromosom na 26, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ƙunshe da ƙwayoyin gado, shi ke ɗauke da mafi yawan bambancin da ke tsakanin kifin da ke mutuwa da wanda ke tsira. Hanyar da aka bi ba ta da ado: a sa wa kowane kifi ɗan ƙaramin lamba a cikinsa, a yanki ɗan guntun fiffikensa a jefa a kwalbar sinadari domin DNA, a saki cutar a tankin gwaji, sannan a zauna ana tsamo matattu safe da yamma ana rubuta lambar kowanne da ranar mutuwarsa. Daga nan sai lissafi ya haɗa mutuwa da alamomin gado. Kamfanonin iri suka fara sayar da ƙwai daga iyaye masu ɗauke da alamar juriya, kuma cikin 'yan shekaru ɓarkewar cutar ta ragu matuƙa. Sai dai kada wannan ya sa ka zaci kowace cuta haka take. Juriya ga yawancin cututtuka a warwatse take a ɗaruruwan wurare, kowanne da ɗan tasirinsa, kuma kundin gadon salmon, wanda Norwe da Kanada da Chile suka haɗa hannu aka wallafa a 2016, ya ninka kansa gaba ɗaya kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce, ta yadda ƙwayoyin gado da yawa suna da tagwaye masu rikita mai bincike.

Ba na so in nuna maka sana'ar kamar ta gama warware matsalolinta. A 2023 fiye da salmon miliyan 60 suka mutu a kejin teku a Norwe, kusan kashi 17 cikin 100, kuma babban ɓangare na wannan asara yana da nasaba da ƙwarƙwatar teku da wahalar da kifi ke sha wajen cire ta da ruwan ɗumi ko na'ura, sai gyambon sanyi da cututtukan numfashi. Wannan abu yana damuna, kuma duk wanda zai shigo fannin ya kamata ya dame shi. Akwai kuma kifin keji da ke tserewa ya gauraya da na kogi ya gurɓata gadonsa, abin da ya sa a Cibiyar Binciken Teku ta Bergen, Anna Wargelius da tawagarta suka yi amfani da CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado, suka samar da salmon marar ƙwayoyin haihuwa.

Yanzu ga amsata. Salmon da kod ba za su rayu a Tiga ko Kainji ba, kuma idan ka zo da niyyar koyon sarrafa kejin teku kaɗai, abin da za ka koma da shi gida kaɗan ne. Abin da ke tsallake teku shi ne hanyar aiki, kuma an riga an gwada. A 1988 masanan Norwe suka haɗa kai da cibiyar da yau ake kira WorldFish da hukumomin Filifin, suka tattaro karfasa daga Masar da Ghana da Kenya da Senegal da wasu gonakin Asiya, suka bi tsarin iyalai irin na salmon, suka samar da irin da ake kira GIFT, wanda ya bazu a ƙasashe da yawa. A 2021 masanan cibiyar Roslin ta Sikotlan da na WorldFish suka gano wani wuri a gadon karfasa mai ƙarfin tasiri wajen jure TiLV, bairos mai kashe karfasa, ta hanya mai kama da ta IPN. Tarwada, wadda ita ce kan gaba a kiwon kifin Najeriya, tana jiran irin wannan aiki. Kai da ka yi aiki da masu ƙyanƙyasa ka san sau da yawa uwa da uba daga ciki ɗaya suke fitowa, babu rajistar asali, kuma idan 'ya'yan kifi suka fara mutuwa sai a juye magani a ruwa ba tare da an san cutar ba. Mutumin da ya iya tsara iyalai da gwajin cuta da lissafin gado yana da abin yi a gida, ko a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, ko a jami'a, ko tare da masu gonaki.

Saboda haka shirinka ya fara tun kana gida. Yawancin ranakun mai wannan bincike a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ba a bakin ruwa ba, kuma abin da ke kayar da ɗalibanmu a zangon farko shi ne ƙididdiga da sarrafa bayanai, ba rashin sanin kifi ba. Ka koyi manhajar R da tsarin Linux, ka ƙarfafa iliminka na lissafin gado, ka sauko da kundin gadon kod ko na karfasa, waɗanda suke kyauta a intanet, ka nemo wata ƙwayar gado da kanka. Idan kiwon iri da lissafi ne suka fi jan hankalinka, ka duba jami'ar da ke Ås kusa da Oslo. Idan garkuwa da cututtuka ne, ka duba Bergen da Tromsø da Bodø, amma ka sani cewa karatun likitancin kifi na shekara biyar a Bergen da Tromsø da harshen Norwe ake yin sa. Kada ka taƙaita ga ƙasa ɗaya, domin Jami'ar Stirling a Sikotlan da ta Wageningen a Holan suna da dogon tarihi a kan karfasa da tarwada, kuma tallafin Erasmus Mundus yana ɗaukar 'yan Afirka. Idan ka tashi rubuta wa malami, ka karanta bincikensa biyu ko uku tukuna, ka faɗa masa tambayar da kake son amsawa da irin bayanan da za ka iya tattarowa daga gonakin tarwada da ka sani, sannan ka haɗa da ɗan aikin da ka yi da hannunka a kwamfuta. Idan ka rubuta daftarin wasiƙar, ka turo mini in duba kafin ka aika.