Kai mai fama da SNP ɗin gyaɗa, ni ma na sha wannan

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce ka fitar da SNP, wato wuraren da harafi ɗaya na ADN (sinadarin gado) ya bambanta, daga layukan irin gyaɗarka sai ka ga heterozigot (inda kwafi biyu na wuri ɗaya suka bambanta) ko'ina, alhali gyaɗa ita ke yi wa kanta barbara, bai kamata a ga haka da yawa ba. Wallahi wannan ramin ne ya cinye mini wata bakwai a tez ɗina, wato kundin binciken digirina.

Ba samfurinka ne ya gurɓata ba. Tambayi kanka, a kan wane jinom, wato cikakken jerin ADN da ake gwadawa da shi, ka ɗora guntayen ADN ɗin? Ni a kan na gyaɗar daji Arachis duranensis kaɗai na ɗora, wanda aka fitar a 2016. To gyaɗa ninki huɗu ce, kromozom (ƙunshin ADN) 40 gare ta, rabi A daga duranensis, rabi B daga wata gyaɗar daji, ipaensis, kuma sun yi kama kamar Hassan da Husaini. Guntayen B ba su sami gidansu ba, sai suka kwanta a kan A, GATK kuma, manhajar da ke fitar da SNP, ya ɗauki bambancin A da B a matsayin heterozigot. Na saba da gero da wake masu ninki biyu, ban kawo wannan a raina ba.

Abin da har yau ke mini ciwo shi ne ranar da na nuna wa kwamiti sakamakon. Malamin da ke duba aikina ya ga teburin nan sau uku kafin ranar, bai ce uffan ba. A gaban mutane sai ya ce ai na cakuɗa iri tun daga gona, ban iya ko tsinke ganye ba. Ni da na bi kowane layi da hannuna, na rubuta lamba a kowace leda! Na dawo Damagaram cikin zafin Afrilu, kuran, wato wutar lantarki, na zuwa yana tafiya, aikin da kwamfuta ta kwana biyu tana yi ya mutu a tsakiya. Na zauna a zauren gidanmu a Birni na yi hawaye. Mahaifiyata, wadda da kuɗin ƙuli-ƙuli ta yi mini makaranta, ta ce ko in bar abin haka. Har yau mutumin nan bai ce mini yi haƙuri ba.

Ka sauko da jinom ɗin irin gyaɗar noma Tifrunner na 2019 daga shafin PeanutBase, yana da A da B duka, ka sake ɗora guntayen da manhajar BWA. Guntun da MAPQ ɗinsa (makin tabbacin ya sauka a wurinsa) ya yi ƙasa, yar da shi. Duk SNP da ya fito heterozigot a dukkan layuka, na ƙarya ne. Kuma don Allah ka raba aikin kromozom-kromozom, in wuta ta ɗauke kada ka koma farko. Ka ajiye fayilolinka na asali wuri biyu.

SNP ɗinka za su ragu sosai, kada ka tsorata, gyaɗar noma ba ta da yawan bambanci tun asali. Inda ka ga guntaye sun ɓace a A sun ninka a B, kada ka share, wani lokaci musanya ce ta gaske tsakanin kromozom ɗin biyu.

Kuma duk abin da malaminka ya faɗa maka, ka tura masa shi a rubuce a ranar. Irin gyaɗar nan 55-437 na cikin layukanka? In tana ciki faɗa mini, mu gwada naka da nawa.