Amsa: Ƙa'idar kawo madogara a mujallar ilimin laburare

Malam, ka tambayi abin da ke sa a dawo da maƙala tun kafin a karanta ta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yadda aka kawo madogara, wato littattafai da rubuce-rubucen da aka dogara da su. Da yawa daga mujallun fannin nan salon APA suke bi, wato tsarin kawo madogara na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, bugu na 7, amma duba ƙa'idar mujallar tukuna.

A cikin rubutu, sunan ƙarshe na marubuci da shekara kawai. Marubuta uku ko fiye, rubuta na farko ka bi shi da "et al.", wato "da sauransu", tun ambaton farko. Idan ka ɗauko magana kai tsaye, dole lambar shafi, in ta kai kalma 40 a ware ta ba tare da alamar zance ba. A jerin madogara na ƙarshen maƙala, an daina sa garin bugawa. DOI kuwa, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, sa shi cikakke in akwai.

Inda mu Sakkwatawa ke tuntuɓe shi ne rubutun hannu. Idan daga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ka samo shi, kawo sunan ma'ajiyar da lambar kundin, in ba haka ba mai tantancewa ba zai iya bin sawunsa ba.

Ban da madogara, cire sunanka daga jikin maƙalar, har cikin bayanan fayil ɗin Word, don kada mai tantancewa ya san wanda ya rubuta. Kuma kada ka tura ta mujallu biyu lokaci guda.