Tambaya da Amsa: Ɗan Ɗariƙa da Maƙwabcinsa Kirista

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne, shagona yana wajen Terminus, gidana a Dilimi, kuma ɗan Tijjaniyya ne. Maƙwabcin shagona Kirista ne, shi ya ja ni wani taron zaman lafiya na Musulmi da Kirista. A can wani mai jawabi ya ce Sufaye sun ɗauki dukkan addinai abu guda, don haka da tasawwufi za a gyara Jos. Da na ba yayana labari, shi ɗan Izala ne, sai ya ce dama ya sha gaya mini inda ɗariƙa za ta kai ni ke nan. Malam, wa ke da gaskiya?
Daga wani tela, Dilimi, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai jawabin nan ya wuce gona da iri, yayanka kuma ya yanke hukunci a kan maganar da ba daga bakin shehunanka ta fito ba.

Shehu Abdulƙadir Jilani, shehun ɗariƙar Ƙadiriyya, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, malamin fiƙihu ne a mazhabar Hambaliyya. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya sanya kiyaye salloli biyar cikin sharuɗɗan karɓar wuridinsa. Wuridin da kake yi safe da yamma me ke ciki? Istigfari, salatin Annabi, da hailala. Wanda harshensa ke kan wannan kullum ai ba zai ce Musulunci da Kiristanci abu ɗaya ne ba. Shi ma maƙwabcin naka, in ka ce masa haka, ba zai ji daɗi ba, domin yana da aƙidarsa da yake riƙe da ita da gaske. Alƙur'ani ya raba gardama a ƙarshen Suratul Kafirun: kuna da addininku, ina da nawa.

To amma kada ka watsar da maganar mutumin gaba ɗaya. Aikin tasawwufi shi ne wanke zuciya. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya yi dogon bayani a kan cututtukanta: girman kai, hassada, jiji da kai, fushi, riya. Duk wanda ya ga Satumban 2001, ko Nuwamban 2008, ko Janairun 2010 a garin nan, ya san ba a kan fassarar wata aya aka fara ƙone-ƙone ba. Batun ɗan ƙasa da baƙo ne, da kujerar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da raini da ya daɗe yana cin zukata, sai aka yafa musu rigar addini. Muridin da shehunsa ya hore shi ya riƙa ganin kansa ƙasa da kowa, domin bai san da me zai cika ba, zai yi wuya ya ɗaga adda a kan wani don yana da sunan ƙabilar Birom irin su Dung ko Pam. Ni a nan nake ganin amfanin ɗariƙa a wannan fage, kuma ba ƙaramin amfani ba ne.

Bari in ba ka labarin da nake so kowane ɗan ɗariƙa ya sani. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, Baƙadire ɗan Baƙadire, ya yaƙi sojojin Faransa tun daga 1832 har zuwa 1847. Ya sha ɗauri a hannunsu, daga baya ya zauna a Dimashƙa. A 1860 fitina ta tashi a birnin, aka far wa unguwar Kiristoci. Mutumin nan, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fafatawa da Turawa Kiristoci, shi ya fita da mutanensa suna kwaso Kiristoci suna kai su gidansa da wuraren da za su tsira. Dubbai suka kuɓuta ta hannunsa. Bai sassauta aƙidarsa ko kaɗan ba. Ya dai rarrabe tsakanin wanda ya zo ya ƙwace ƙasarsa da maƙwabcin da bai tsare masa komai ba, kuma wannan rarrabewar tana nan a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana.

A Senegal ma, inda Muridiyya da Tijjaniyya suka fi ƙarfi, Leopold Senghor, ɗan Katolika, ya shugabanci ƙasar daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Riƙe carbi ba ya mayar da mutum waliyyi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, Ƙadirawa da Tijjanawa sun yi ta rikici a ƙasar Sakkwato, har batun ƙabalu da sadalu ya shiga ciki. Mu nan Jos kuma, inda aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, mun ga shekarun da ɗan uwa ba ya bin ɗan uwansa salla. Wanda bai iya zama lafiya da yayansa na ciki ɗaya ba, me zai je ya koya wa fasto? Kuma alheri ba gadon ɗariƙa ba ne ita kaɗai. A Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Waɗanda suka shiga masallacin nan a guje ba su tsaya tambayar ko limamin yana wazifa ba.

Game da yayanka, kada ka yi musu da shi a kan ɗariƙa, an shekara arba'in da ɗoriya ana wannan musun ba a gama ba. Ka tuna masa hadisin da ke cikin Bukhari, inda aka wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shi ba rai ba ne? Wannan hujja ce da ku biyun kuka yarda da ita.

Taron kuwa, ka ci gaba da zuwa. In an sake cewa addinai duk ɗaya ne, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce a'a, mun bambanta, kuma ba sai mun zama ɗaya za mu bar kashe juna ba. In sun shiga addu'arsu ka zauna shiru, in lokacin salla ya yi ka nemi uzuri ka tashi. Ranar Mauludi ka aika wa maƙwabcin naka abinci, in an yi masa rasuwa ka je gaisuwa har gida, ko da gidan yana Unguwar Rukuba ne, inda na san tun bayan rikici yaran Dilimi da yawa ba su sake taka ƙafa ba. Ka sanar da shi kafin ka taso, ya tarye ka a bakin titi. Wallahu a'alam.