Amsa: Sau nawa Super Eagles ta ci kofin Afirka?

Ɗan'uwa, ka tambayi ko sau nawa muka ɗauki kofin Afirka, don kun yi musu a majalisarku ta Terminus a nan Jos. Sau uku ne: 1980 a Legas, muka lallasa Aljeriya 3-0, 1994 a Tunisiya, Amunike ya zura wa Zambiya biyu, sai 2013 a Afirka ta Kudu, Sunday Mba ya ci Burkina Faso ɗaya tilo, marigayi Keshi na koci. Zinaren da muka ci a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 kada ka haɗa shi a lissafi, na 'yan ƙasa da shekara 23 ne.

Kofin duniya kuwa sau shida muka je, amma ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba. Ni wasan Iceland na 2018 ne ba ya fita raina. Muna gidan kallo a Bauchi Road, janareta na kuka, Ahmed Musa, ɗan garin nan namu, ya saka ta biyu. Wallahi benci ya karye da mutane, mai shayin bakin ƙofa har da zubar da madara. Shi ne kuma ya zura wa Ajantina biyu a 2014.